Wasan ƙungiya ɗaya, bikin kwana uku, ko bidiyo a gida: wanne ya fi ga mai son hard rock?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: ka daɗe kana bin AC/DC da Guns N' Roses da Iron Maiden a YouTube, bana za ka leƙa Turai a lokacin zafinsu, kuɗin hannunka kuma na abu ɗaya ne. Shin ka sayi tikitin wasan ƙungiya guda, ko ka shiga babban biki irin Download ko Wacken, ko ka bar kuɗinka a aljihu tunda bidiyo ma yana nuna komai? Shawararmu ita ce ka fara da wasan ƙungiya ɗaya, a zaure mai rufi in ka samu. Amma fa abubuwan nan uku ba haja ɗaya ba ce, kowanne da abin da yake bayarwa da abin da yake hanawa.

Mu fara da lokaci, domin nan ne mutane suka fi yin asara ba tare da sun sani ba. A wasan da ƙungiya ta shirya da kanta, ita ce mai gida. Ana buɗe ƙofa wajen ƙarfe shida na yamma, ƙaramar ƙungiya ta share fage na minti talatin zuwa arba'in da biyar, sannan manyan su hau wajen takwas da rabi ko tara, su kwashe kusan awa biyu. Guns N' Roses a rangadin da suka fara a 2016, bayan tsofaffin makaɗansu Slash da Duff McKagan sun dawo, sun sha kaiwa awa uku. Metallica a rangadin da suka soma a 2023 sun riƙa yin dare biyu a gari ɗaya ba tare da maimaita waƙa ko ɗaya ba. A biki kuwa, wanda ke rufe dare ne kaɗai yake samun minti casa'in zuwa awa biyu. Na tsakiya suna samun minti arba'in da biyar ko awa ɗaya, na rana tsaka minti talatin. Wanda aka ba minti arba'in ba zai tsaya tono tsofaffin waƙoƙin da masoya na haƙiƙa ke jira ba, sanannun zai jero ya sauka. Don haka kafin ka biya, duba girman sunan ƙungiyarka a fastar bikin. In sunan yana layi na uku ko na huɗu, ka sani waƙa bakwai ko takwas za ka ji. Shafin Setlist.fm yana nuna jerin waƙoƙin da kowace ƙungiya ta buga a wasanninta na baya, a nan za ka ga bambancin da idonka.

Abin da biki yake ramawa da shi shi ne yawa. Download, wanda ake yi a Donington Park a Ingila tun 2003, yana tara ƙungiyoyi wajen ɗari. Hellfest na garin Clisson kusa da Nantes a Faransa, wanda aka fara a 2006, yana da dandamali shida. Sai dai ƙafa biyu gare ka. Jadawali yakan haɗa ƙungiyoyi biyu da kake so a lokaci guda a dandamali daban-daban, kuma ratsa taro daga wannan zuwa wancan yana iya cin minti goma sha biyar ko ashirin. Mai ƙwazo yakan ga ƙungiya takwas zuwa goma a yini, a cikinsu uku ko huɗu ne zai gani daga farko har ƙarshe. Duk da haka, ba a raina wannan. Da yawa daga cikin ƙungiyoyin da mutum zai riƙe har tsufa, a ƙaramin dandamali ya ci karo da su da ƙarfe biyun rana yana kan hanyar zuwa wani wuri.

Yanzu sauti, wanda shi ne ainihin abin da kake saye. A wasan ƙungiya ɗaya, ma'aikatansu ne suka kafa lasifikoki tun safe, injiniyansu ya gwada komai da rana, ya daidaita shi da zauren. A biki ba haka ba ne. Tsakanin saukar wata ƙungiya da hawan wata minti ashirin ne ko talatin, abin da ake iya yi kawai shi ne a tabbatar kowace waya tana kawo sauti. Shi ya sa waƙar farko da ta biyu sukan fito a cakuɗe, ganga ta danne murya, jita ta ɓace, sai a waƙa ta uku injiniya ya kama zaren. Manyan bukukuwa irin Hellfest da Wacken sun rage wannan matsala da kafa manyan dandamali biyu gefe da gefe, ana wasa a ɗaya ana shirya ɗayan. Sai kuma iska. A fili, iska mai ƙarfi tana kwashe siraran sautuka, ka ji murya tana zuwa tana tafiya. Filin ƙwallo yana da tasa cutar: kankare da rufin kujeru suna mayar da amsa-kuwwa, wanda ke can sama a kusurwa sai ya ji ganga sau biyu. Zaure mai ɗaukar mutum dubu goma zuwa ashirin shi ne ya fi ba da sauti mai tsabta.

Ko ina ka je, ka nemi teburin haɗa sauti. Za ka gan shi a tsakiyar taro, an kewaye shi da shingen ƙarfe, a fili kuma an yi masa rumfa. Injiniya da kunnensa yake aiki, abin da ya yi masa daɗi a inda yake tsaye shi yake aika wa kowa. Ka tsaya 'yan taku kaɗan a gabansa ko a gefensa. Sahun gaba da matasa ke kwana a layi dominsa yana ba da kallo, amma sautinsa ba shi da kyau, domin manyan lasifikokin da aka rataye suna harba sauti ta saman kanka ne, kai kuma sai rugugin bas, wato sauti mai kauri, ya yi ta dukan ƙirjinka. Can baya kuma wani abu ne daban. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka in kana mita ɗari daga dandamali za ka ga sandar mai ganga ta sauka a allo kafin ƙarar ta iso ka da kusan sulusin daƙiƙa. Don haka ake kafa ƙarin hasumiyoyin lasifika a tsakiyar fili. In dole ka tsaya baya, tsaya inda ɗaya daga cikinsu ke fuskantarka, kada ka tsaya a bayanta.

Maganar kunne ba ta wasa ba ce, kuma ta shafi zaure da biki duka. Shawarar cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ita ce desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 100 minti goma sha biyar kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta sa desibel 100 a matsayin iyakar matsakaicin ƙara a wuraren wasa, kuma wasan rock a nan yake zama. Wato kafin a gama waƙa ta huɗu ka cinye rabonka na yini. A zaure awa uku za ka sha, a biki awa goma a kullum har kwana uku ko huɗu, ka ga wanda ya fi ɓarna. Brian Johnson mawaƙin AC/DC da kansa ya ajiye rangadi a 2016 bayan likitoci sun gargaɗe shi zai iya kurmancewa, Axl Rose mawaƙin Guns N' Roses ne ya ƙarasa musu wasannin. Maganin mai arha ne. Akwai abin toshe kunne na soso, yana rage ƙara sosai amma yana dusashe sauti. Akwai kuma na makaɗa mai matata a ciki, wanda ke rage desibel 15 zuwa 20 ba tare da ya lalata kiɗan ba, shi muka fi ba da shawara. Na soson ma yawancin mutane ba su iya sa shi ba: a murza shi tsakanin yatsu har ya sirance, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama, a tura shi ciki, a riƙe da yatsa na daƙiƙa ashirin zuwa talatin har ya kumbura. In rabinsa yana leƙowa waje, bai yi aiki ba. Ƙarar da kunne ke yi bayan wasa alama ce ta rauni, ba shaidar an ji daɗi ba.

Ta fuskar kallo, wasan ƙungiya ɗaya ya yi wa biki nisa. Ƙararrawa da igwa na AC/DC, dodon Iron Maiden da ke yawo a dandamali, wutar Rammstein, duk an ƙera su ne don dandamalin da ƙungiyar ta zana da kanta, ana jigilarsu a manyan motoci masu yawa. A biki wanda ke rufe dare yakan kawo kaso mai kyau na kayansa, sauran kuwa tutarsu kawai suke ratayawa a baya. Ga wani abu da baƙo ba ya tunawa: a tsakiyar watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Donington sai wajen tara da rabi na dare. Ƙungiyar da ta hau da ƙarfe shida na yamma cikin hasken rana take wasa, fitilunta ba su da wani tasiri, har babbar ƙungiya ma da sauran haske take farawa. A zaure kuwa ana kashe fitilu gaba ɗaya, mutum dubu goma sha biyar su ɗauki ihu cikin duhu kafin a taɓa jita. Wannan 'yar daƙiƙar ba a samunta a fili.

Sai batun jiki da cunkoso. A gaban dandamali matasa sukan buɗe da'ira suna gudu suna bangazar juna, wasu kuma a ɗaga su a riƙa miƙa su ta saman kawuna har su faɗa hannun masu tsaro a shinge. Daga nesa kamar faɗa ne, amma akwai ƙa'ida da kowa ya sani: wanda ya faɗi a ɗaga shi nan take, wanda bai shiga ba kada a ja shi. In ba ka so, ka tsaya gefe ko bayan teburin sauti, ba mai taɓa ka. Haɗarin gaske ba da'irar ba ce, matsi ne. A 1988 a Donington, lokacin bikin Monsters of Rock, mutum biyu sun rasu a turmutsitsi cikin laka yayin da Guns N' Roses ke wasa, har ba a yi bikin ba a shekarar da ta biyo. A 2000 a bikin Roskilde na Denmark mutum tara suka rasu a gaban dandamali yayin da ƙungiyar Pearl Jam ke wasa. Daga irin waɗannan ne aka koyi raba taro da shingaye da sa masu lura daga sama. In ka ji ba ka iya ɗaga hannu zuwa fuskarka, ko taro yana kai ka inda ba ka nufa ba, lokacin fita ya yi. Ka dunƙule hannuwa a gaban ƙirji kamar ɗan dambe don huhunka ya sami wuri, kada ka sunkuya ɗaukar waya ko hula, kada ka yi kokawa da turin, ka riƙa zamewa gefe duk sa'ad da ya lafa. Zaure ma yana da nasa darasi. A 2003 a wani ƙaramin kulob a Rhode Island ta Amurka, tartsatsin wasan wuta na ƙungiyar Great White ya kama soson da aka manna a bango, mutum ɗari suka mutu, da yawa saboda kowa ya nufi ƙofar da ya shigo ta ita. Da ka shiga, ka nemi ƙofar fita ta biyu da idonka. Fa'idar zaure ita ce akwai tikitin kujera, wanda ya fi dacewa da zuwan farko.

Biki kuwa zaman daji ne, a faɗi gaskiya. Wacken ƙauye ne a arewacin Jamus mai mutum wajen dubu biyu, tun 1990 ake bikin a gonakinsa, yanzu ana sayar da tikiti kimanin dubu 85. Gona in ta sha ruwa kuma dubban ƙafafu suka taka ta, caɓi take zama. A 2023 ruwa ya yi yawa har masu bikin suka dakatar da shiga, kimanin mutum dubu 61 ne suka samu shiga, taraktocin manoma ne suka riƙa janyo motoci. A 2016 tsawa ta raunata mutane da dama a bikin Rock am Ring na Jamus, aka soke ranar ƙarshe. Wanda zai kwana a can yana buƙatar tanti mai rufi biyu, domin mai rufi ɗaya yana jiƙewa daga ciki da tururin numfashi. Yana buƙatar katifar shimfiɗa, saboda sanyi ta ƙasa yake shiga, da jakar barci, domin dare yana iya sauka zuwa digiri goma ko a watan Yuni. Sai takalmin ruwa, rigar ruwa maimakon laima tunda ba a barin laima a gaban dandamali, safa fiye da yadda kake zato, da batirin cajin waya. Daga wurin ajiye mota ko tashar bas zuwa inda za ka kafa tanti tafiya ce mai tsawo da kaya a kafaɗa, don haka duk abin da ba za ka iya ɗauka na rabin awa ba, bar shi a gida. Barci kaɗan ne, maƙwabta ba sa kashe kiɗa, a Donington kuma jirage na tashi daga filin jirgin East Midlands da ke dab da wurin. Giya tana ko'ina, kuma in waƙa ta yi daɗi ana wurga kofuna sama, ya zubo wa wanda ya sha da wanda bai sha ba. Ba mai tilasta maka, akwai famfunan ruwan sha kyauta. Wajen abinci, musamman a Jamus, naman alade ya yi yawa, ka tambaya kafin ka saya ko ka nufi rumfunan da ba sa sa nama. Salla kuma a tantinka ta fi sauƙi, ka duba lokutan garin tun da wuri domin magariba tana kaiwa tara da rabi.

Kuɗi: tikitin biki ya fi na wasa ɗaya tsada, amma in aka raba shi da yawan ƙungiyoyi ya fi arha. Abin da ke cinye aljihu shi ne kayan kwana da abincin kwana huɗu a farashin cikin fili, kuma yawancin bukukuwan yanzu ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai kati ko abin ɗaurawa a hannu da ake loda wa kuɗi. Tikitin Wacken da Hellfest ya sha ƙarewa cikin sa'o'i kusan shekara guda kafin bikin, tun ba a gama sanar da masu wasa ba. Ka saya daga shafin bikin ko dillalin da suka ambata, in ya ƙare ka bi hanyar sake sayarwa da su suka amince da ita, domin wasu tikitocin suna ɗauke da sunan mai saye kuma ana duba katin shaida a ƙofa. In daga Najeriya ko Nijar za ka taso, ka tuna Ingila ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya irin su Faransa da Jamus, bizarta daban ce. Bizar Schengen Yuro 90 ce tun Yunin 2024, tana buƙatar inshorar lafiya ta Yuro 30,000, kuma ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Tikiti ba ya jawo biza, kuma in aka hana ka, ba lallai a mayar maka da kuɗinsa ba.

To bidiyo fa? Iri biyu ne, kada a haɗa su. Bidiyon waƙa, wanda ya bunƙasa bayan an buɗe tashar MTV a 1981, talla ce mai kyau: sautin na situdiyo ne, makaɗan kwaikwayo suke yi a gaban kyamara. Dubi bidiyon November Rain na 1992, wanda ya haye kallo biliyan ɗaya a YouTube a 2018. Slash yana tsaye a gaban coci a tsakiyar hamada yana kaɗa jita, ba waya a jikinta, ba lasifika a kusa. Yana da kyau ƙwarai, amma ba zai gaya maka ko ƙungiya ta iya wasa ba. Fim ɗin wasa ya fi kusa da gaskiya, sai dai shi ma an gyara shi. Wanda AC/DC suka ɗauka a filin River Plate na Buenos Aires a Disambar 2009, da kyamara 32 aka yi shi, daga darare uku aka haɗa. Gyaran kurakurai a situdiyo bayan wasa kuma tsohuwar al'ada ce, 'yan ƙungiyar Kiss da kansu sun amsa cewa an gyara faifansu na wasa na 1975. In kana son sanin yadda muryar mawaƙi take a bana, ba a 1991 ba, ka nemi abin da 'yan kallo suka ɗauka da waya a wasannin watan jiya. Sautin zai fashe, hoton zai yi rawa, amma ba wanda ya gyara shi. Wannan binciken ya zama dole kafin a biya wa ƙungiyar da mawaƙinta ya haura shekara sittin.

Inda bidiyo ya fi duka biyun shi ne koyo. Yatsun mai jita, ƙafar mai ganga, yadda mai bas ke kallon mai ganga kafin a canja kiɗa, ba za ka gan su daga mita hamsin ba, kuma a gida kana iya mayarwa baya ko rage gudu. Inda ya gaza kuma shi ne nauyi. Tsirkiya mafi kauri ta jitar bas tana rawa wajen sau 41 a daƙiƙa, lasifikar waya ba ta iya fitar da wannan ko kusa, don haka mai kallo a waya rabin ƙungiyar yake ji. Ka sa hedifon mai rufe kunne ko lasifika mai bas, ka sauke bidiyon inda akwai intanet mai ƙarfi, domin awa ɗaya a 1080p tana iya cin gigabait biyu ko fiye. Tashar talabijin ta Arte takan nuna wasannin Hellfest kyauta a intanet, ko da yake wasu ba sa buɗewa a kowace ƙasa.

In ƙungiyarka ba ta da wasan zaure a lokacin da kake can, akwai tsaka-tsaki: tikitin yini ɗaya. Download yana sayar da shi, haka Graspop na Beljiyam. Ka zaɓi ranar da ƙungiyarka ke rufe dare, ka kama ɗaki a garin da ke kusa tun da wuri, Derby ko Nottingham in Donington ne, ka isa da azahar, ka ci abinci kafin layi ya yi tsawo da yamma, ka kama wurinka kusa da teburin sauti tun ƙungiyar da ke gabansu tana wasa. Kuma ka san lokacin bas ko jirgin ƙasa na ƙarshe tun kafin ka shiga, domin da an tashi wajen sha ɗaya na dare dubban mutane ne ke nufar hanya ɗaya, layin waya kuma yakan cushe a daidai wannan lokacin.